Ruwa ko iska: Abin da sanyaya manyan kwamfutoci zai ci wa Arewa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tace fim a Kano cikin watan Afrilu ya san wannan ƙarar. Da rana ta take, fankokin kwamfuta za su fara gurnani kamar ƙaramin janareta, aikin da ake gamawa nan da nan da safe ya koma jan ƙafa, wani lokaci ma na'urar ta ɗauke da kanta ana tsaka da aiki. Lafiyarta ƙalau. Zafi ne ya kai mata iya wuya, sai ta rage gudu don kada ta ƙone.

Daga nan ake fara ba mai ita shawara. Wani ya ce ya sayi babbar fanka, wani ya ce zamanin fanka ya wuce, ya sa mata na'urar sanyayawa ta ruwa, irin mai bututu biyu da fitilu masu launi da ake gani a bidiyon 'yan wasan kwamfuta.

Wannan gardama ta shagon edita ita ce dai ake yi yanzu a ofisoshin Google da Microsoft, da majalisun birane a Amurka, da kotunan Kudancin Amurka, sai dai can ana maganar biliyoyin daloli da ruwan shan gari guda. Tunda Najeriya ta shiga sahun masu gina cibiyoyin adana bayanai, gardamar tana hanyar zuwa ƙofarmu.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Ƙwaƙwalwar Intel samfurin Core i9-14900K tana jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Katin sarrafa hoto na Nvidia, RTX 5090, da ya fito a Janairun 2025, yana jan wat 575. Haɗa su biyu ka samu sama da wat 800, wato an kusa kamo dutsen guga na lantarki, a kunne cikin akwati, a ɗakin da dama mutum gumi yake yi.

Masu ƙera su sun sa musu iyaka. Da zafin ƙwaƙwalwar ya kai maki 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, za ta rage gudu da kanta. Saboda haka wanda ya zuba miliyoyin naira a kwamfuta bai tanadi hanyar fitar da zafinta ba, rabin kuɗinsa kawai yake mora.

Hanyar iska ita ce wadda kowa ya sani: ƙarfe ya kwashi zafin daga kan ƙwaƙwalwar, ya baza shi a kan siraran faranta na alminiyom, fanka ta hura. Hanyar ruwa kuwa daidai take da ta mota. Ƙaramin famfo yana zagaya da ruwa ta kan ƙwaƙwalwar, ruwan ya ɗauki zafi ya kai lagireto, fanka ta hura lagireton. Ruwa ya fi iska iya dako nesa ba kusa ba, domin lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai an tara iska kusan lita 3,500 kafin ta ɗauka.

Amma a lura da ƙarshen hanyar. A duka biyun, iskar ɗakin ce ke karɓar zafin daga ƙarshe. Ruwan ɗan dako ne kawai. Babu ɗayansu da zai iya saukar da kwamfuta ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Wanda ya gwada na'urar a Jamus ya nuna maka sakamako a YouTube, a ɗaki mai maki 22 ya gwada. Kai kuma naka ɗakin mai rufin kwano yana kan 38 ko 40. Wannan tazarar ta maki goma sha shida zuwa sha takwas za ta hau kan duk lambar da ya nuna maka, ko da ruwa kake aiki ko da iska.

Wani abin dariya ma shi ne, ita kanta "ta iskar" akwai ruwa a cikinta. Waɗancan bututan jan ƙarfe da ke ratsa farantan, an zuƙe iskar cikinsu an ɗiga ruwa kaɗan an toshe. Ruwan yana tafasa a gefen zafi, tururin ya gudu gefen sanyi ya koma ruwa, ya sake gangarowa. Babu famfo, babu abin da ke motsi in ban da fanka.

Ga mai kwamfuta ɗaya

A nan ba na ɓoye ra'ayina. Ga yawancin masu tace fim da masu zanen gine-gine da masu wasa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, babbar fanka mai kyau ta fi.

Dalilin ba ƙarfin sanyayawa ba ne, don lagireto mai fanka uku yakan fi babbar fanka da 'yan maki kaɗan idan ƙwaƙwalwar tana cin wuta sosai. Dalilin shi ne ranar da abu ya lalace. Idan fanka ta mutu, tulin ƙarfen yana nan yana kwasar zafi, kuma za ka samu madadinta a Titin Beirut kafin la'asar. Idan famfon ruwa ya mutu, cikin ƙanƙanen lokaci zafi zai haura kwamfutar ta ɗauke, kuma galibin waɗannan na'urori a rufe suke zuwa, ba a gyara su, sai dai a sayi sabuwa. Ruwan cikinsu ma yana raguwa a hankali ta jikin bututun roba, zafin ɗaki kuma yana hanzarta hakan. Garantin shekara biyar ko shida da kamfani ya rubuta a kwali yana da amfani ga wanda ya saya a London. Wanda aka kawo wa tasa a jaka daga Dubai ko Guangzhou, wa zai mayar wa?

Sai ƙura. Lokacin hunturu babu wanda ya tsira, amma ramukan lagireto sun fi matsewa, sun fi saurin toshewa. Ni kaina na taɓa kai tawa wajen wani mai gyara ina zargin ƙwaƙwalwarta ta gaji, har ya fara lissafa min kuɗin sabuwa. Da aka buɗe, ƙura ce ta yi dabe a kan farantan kamar bargo. Bulowa ta minti biyar ta gama maganar.

Na'urar ruwa tana da wurinta: wanda ke da ƙwaƙwalwa mafi ƙarfi, yana sa ta aiki dare da rana, yana da ɗaki mai iyakwandishan da wutar da ba ta yankewa, kuma yana da kuɗin canza ta idan ta mutu. In ba haka ba, kuɗin da za a ƙara a kan fitilu masu launi gara a sa shi a silin, ko tagar da iska ke ratsawa, ko inbata.

Inda iska ta gaza

A manyan cibiyoyin bayanai labarin ya sha bamban, kuma ƙirƙirarriyar basira ce ta sauya shi.

Shekara da shekaru, kantar saba guda, wato dogon akwatin nan mai kama da firji da ake jera kwamfutoci a ciki, tana jan kilowat biyar zuwa goma. Iska mai sanyi daga manyan iyakwandishan ta wadatar. Sai Nvidia ta fito da H100, kati ɗaya wat 700. A 2024 ta gabatar da kantar GB200 NVL72, mai kati 72 a akwati ɗaya, tana jan kusan kilowat 120. A ƙaddara dutsen guga 120 a kunne cikin abin da bai wuce girman kabad ba. Babu fankar da za ta fitar da wannan zafin, shi ya sa kantar take zuwa da bututan ruwanta tun daga masana'anta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. IBM ta sanyaya manyan kwamfutocinta da ruwa tun shekarun 1960, kuma Cray-2 ta 1985 a cikin wani ruwan sinadari da ba ya ɗaukar lantarki aka tsoma ta. An koma iska ne lokacin da ƙwaƙwalen kwamfuta suka rage cin wuta. Yanzu an dawo gidan jiya.

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024, kuma abin zai ninka ya ɗan haura nan da 2030. Kowane wat daga ciki zafi ne da dole a san inda za a kai shi.

To a cikin gini, gardama ta ƙare, ruwa ya ci. Rigimar tana waje, a kan rufi ko bayan gini, inda za a zubar da zafin da ruwan ya ɗebo. Hanya biyu ce.

Ta farko kowane Bahaushe ya san ta, don ita ce hikimar randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Da ita marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Cibiyoyin bayanai suna yin haka da manyan hasumiyoyi da ake yayyafa ruwa a ciki. Wuta kaɗan take ci, amma ruwan ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Ta biyu ita ce a rufe ruwan a bututu yana zagayawa, a sanyaya shi da manyan lagireto da fankoki, ko da injin sanyi irin na iyakwandishan. Ruwa kaɗan, wuta mai yawa.

Wato kamfani zai biya ne ko ta ruwa ko ta wuta. Kuma kusan ko'ina a duniya, ruwa ya fi wuta araha.

Garuruwan da suka riga mu gani

A garin The Dalles da ke jihar Oregon ta Amurka, sai da aka je kotu tsakanin hukumar garin da jaridar The Oregonian kafin a bayyana yawan ruwan da Google ke sha. Da alƙaluman suka fito a ƙarshen 2022, sai ga shi kamfanin ya sha fiye da rubu'in ruwan garin a 2021.

Microsoft ta bayyana da kanta cewa ruwan da ta sha ya ƙaru da kashi 34 cikin 100 a 2022, ya kai kusan lita biliyan 6.4. A West Des Moines ta jihar Iowa, inda aka horar da GPT-4, cibiyoyinta sun sha kusan kashi 6 cikin 100 na ruwan yankin a watan Yulin shekarar.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Uruguay. A 2023 ƙasar ta shiga farin da ta shekara fiye da saba'in ba ta ga irinsa ba, har hukuma ta riƙa gauraya ruwan famfon Montevideo da mai gishiri don ya isa. Ana cikin haka ake ta maganar cibiyar da Google ke shirin ginawa a yankin Canelones, wadda tsarinta na farko zai sha lita miliyan 7.6 a kullum. Jama'a suka fito zanga-zanga. Daga baya kamfanin ya sauya tsarin zuwa na iska, aka ba shi izini. A Chile ma, bayan wata kotun muhalli ta taka wa aikinsa na Cerrillos burki a farkon 2024, Google ya ce zai sake zanen daga tushe da tsarin iska. Ita ma Microsoft ta sanar a ƙarshen 2024 cewa sababbin cibiyoyin da take zanawa rufaffen bututu za su yi amfani da shi.

Abin lura a Uruguay da Chile shi ne, tsarin da ba ya shan ruwa yana nan tun farko. Sai da aka matsa aka ɗauko shi.

Iska ma ba ta da tabbas idan gari ya ɗau zafi. Ranar 19 ga Yulin 2022, da zafi ya haura maki 40 a Ingila karon farko a tarihi, na'urorin sanyaya cibiyoyin Google da Oracle a London sun gaza, haka ma na asibitocin Guy's da St Thomas', inda likitoci suka koma rubutu a takarda. Abin da ya zame musu bala'in rana ɗaya, mu a nan sunansa Afrilu.

Lissafin Kano

Mafi yawan cibiyoyin Najeriya a Legas suke, don can wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke sauka. Equinix ta Amurka ta sayi MainOne kan dala miliyan 320 a 2022. MTN ta buɗe cibiyarta ta Dabengwa a Yulin 2025, Airtel kuma ta fara gina tata a Eko Atlantic. A Arewa, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da cibiyar Galaxy Backbone a Kano a Janairun 2023. Ga kuma ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani da ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a 2024. Ba za a yi wannan buri da kwamfutocin aro har abada ba, kuma Arewa tana da abin da mai zuba jari zai so: fili mai araha da rana mai ƙarfi don sola.

A nan ne tarkon yake. Hikimar randa ta fi aiki inda iska ta bushe. A Legas iskar a jiƙe take, yayyafa ruwa ba ya sanyaya abu sosai. A Kano kuwa, a watan Maris da Afrilu, busasshiyar iska tana iya sauke zafin ruwa ƙasa sosai da na gari. Duk injiniyan da aka ba shi taswirar yanayin Kano, hasumiyar yayyafi zai fara zanawa, kuma ta fuskar ilimi bai yi kuskure ba. Sai dai watannin da tsarin ya fi shan ruwa su ne watannin da rijiyoyi ke ƙafewa, kuɗin jarka ya tashi, yara su kwana a layin burtsatse.

Bari mu yi lissafin da kowa zai iya bi. Lita ɗaya ta ruwa idan ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na wuta. Cibiya mai megawat ɗaya tana shan yunit 24,000 a yini. Idan duk zafin ta yayyafi za a fitar, ana maganar lita 36,000 a kullum, ban da wanda ake zubarwa don gishiri da ƙasa kada su taru a bututu. Jarka 1,440 ke nan mai lita 25. Idan kurar ɗan garuwa tana ɗaukar jarka goma sha biyu, kura 120 a kullum. Cibiya mai megawat ashirin, wadda a ma'aunin duniya matsakaiciya ce, ta tashi kura 2,400.

Gaskiya ne wannan ba komai ba ne idan aka gwada da ruwan da noman rani ke sha a Kadawa daga madatsar Tiga. Masu kare kamfanonin suna yawan kawo irin wannan hujja, kuma ba ƙarya suke ba. Amma cibiyar bayanai ba a Kadawa za a gina ta ba. Kusa da gari za ta zauna, inda layin wuta da wayar intanet suke, kuma tsaftataccen ruwa take so. Tunda famfon gwamnati ba abin dogaro ba ne, burtsatse za ta haƙa, mai zurfin da na maƙwabta ba za su kamo ba. Wanda rijiyarsa ta ƙafe a unguwar ba ruwansa da alƙaluman jiha baki ɗaya.

Ɗaya hanyar kuma ba kyauta ba ce. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga naira 68 zuwa 225, kafin a ɗan sassauta, yunit ɗaya yana sama da naira 200. Megawat ɗaya a yini ya kusa naira miliyan biyar, kwamfutocin kaɗai. A matsakaicin cibiyoyin duniya, sanyayawa da sauran hidimomi suna ƙara kusan rabin wannan a kai. Wannan ma idan akwai wutar ke nan. Ƙasar da ke raba megawat dubu huɗu zuwa biyar ga mutum sama da miliyan 200, wadda a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako a duhu bayan lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir, duk injin sanyin da aka kafa a cikinta rabin rayuwarsa a kan dizal ko gas zai yi. Ba sai an faɗa wa mai kamfani wace hanya ce ta fi masa sauƙi ba.

Akwai hanya ta tsakiya, kuma abin mamaki sababbin kwamfutocin ne suka buɗe ta. Tunda ruwa yana taɓa ƙwaƙwalwar kai tsaye, ba sai ya yi sanyi ƙarara ba. Babbar kwamfutar SuperMUC da aka kafa kusa da Munich a Jamus a 2012 ta yi aiki da ruwa mai ɗumin kusan maki 40. Ruwa mai irin wannan ɗumi, lagireto da fanka kawai sun isa su riƙe shi a mafi yawan shekara, har a Kano: duk daren Allah, duk damina, duk hunturu. Matsalar tana 'yan awannin rana na Maris zuwa Mayu, lokacin da iskar waje ta kai ko ta wuce zafin ruwan. A waɗannan awanni dole a taimaka, ko da ɗan yayyafi ko da injin sanyi. Kuma awannin nan su ne daidai lokacin da sola ke bayar da wuta mafi yawa. A ganina nan ne amsar Arewa take: rufaffen bututu, manyan lagireto da aka tanadar wa hanyar wanke ƙura, da injin sanyi na ko-ta-kwana da rana za ta riƙa biya wa kuɗin wuta. Ginin farko zai fi tsada, shi ya sa ba kamfanin da zai zaɓe shi don Allah.

Doka tana nan. Tun 1992 Najeriya ke da dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli, akwai kuma hukumar tarayya da ke bayar da lasisin ɗibar ruwa. Abin da ya rage shi ne jami'in da ke zaune a teburin ya san tambayar da zai yi. Idan kamfani ya ce "da ruwa muke sanyayawa", maganar tana iya nufin rufaffen bututun da aka cika sau ɗaya, tana iya nufin hasumiyar da ke shan tanka-tanka a kullum. Idan ya ce "da iska", a tambaye shi megawat nawa hakan zai ƙara, kuma daga layin wa za a cire.

Gwamnonin da ke zawarcin masu zuba jari suna saurin yin alƙawarin fili da sassaucin haraji. Kafin a sa hannu, ya kamata takardar ta ƙunshi lita nawa za a ɗiba, daga wace rijiya ko wane bututu, da sharaɗin buga adadin duk shekara don kada a maimaita shari'ar The Dalles. Kuma kada a karɓi matsakaicin shekara, don damina da hunturu za su rufe lambar. A nemi ta watan Afrilu ita kaɗai.